Kek ɗin katun na bazday ɗin yara: tambayoyin da kuke yawan turo min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ake ta maimaita min su a WhatsApp, wata tana so a yi wa ɗanta, wata kuma so take ta koya ta riƙa yi da kanta, shi ne na ce bari in tattara su wuri guda kowa ta karanta. Ni dai a ƙauye nake aikina, ɓangaren Ringim, wuta sai ta ga dama take zuwa, firiza kuma ba kowane gida ba, don haka amsoshin nan na masu irin yanayinmu ne, ba na masu ɗakin AC a cikin birni ba.

Anti wane katun ne ya fi sauƙi ga wadda yanzu ta fara koyo?

Mickey Mouse, babu ma tantama. Da'ira uku ce kawai, babban gwangwani zagaye guda ɗaya da ƙanana biyu na kunnuwa, ki shafe su da aisin (haɗin sugan da ake shafa wa kek don ado) mai koko ki jera a kan allo, an gama. Tun 1928 kamfanin Disney na Amurka ya fito da shi amma har yau yaron da bai iya magana sosai ba in ya ga kunnuwan nan biyu ya san waye. In mace ce ki ɗora ɗaurin ribon ja ko ruwan hoda a tsakanin kunnuwan, ya zama Minnie.

Bayansa sai Minion: sama rawaya, ƙasa shuɗi, ido fari babba da zobe ruwan toka a kewaye, sai baƙin layi ya zagaye kan. SpongeBob ma bai da wahala tunda shi mai kusurwa huɗu ne, rawaya, wando ruwan ƙasa, farar riga, jan nakatayi da haƙora biyu a gaba. Spider-Man kuwa jan kek ne, fararen idanu biyu masu tsini da zanen yanar gizo-gizo baƙi.

Abin da nake so ki gane shi ne yaro kala yake fara gani, sai alama ɗaya ko biyu da ya san katun ɗin da su. Ba ya duba ko girar dama ta fi ta hagu tsawo. Mu manya ne muke wahalar da kanmu da son sai ya fito sak kamar na talabijin. Waɗanda za ki guje wa a farko su ne masu fuskar mutum irin su Elsa ta katun ɗin Frozen, don ido ɗaya ya karkace kaɗan to fuskar ta koma ta wata daban, yarinya ta gani ta fashe da kuka a gaban baƙi.

Aisin ɗin bota ya fi ko fondan?

Ki fara tambayar kanki a wane wata za a yi bikin, daga nan amsar take fitowa.

Bota ta gaske tana fara narkewa ne tun daga zafin digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40, kinga kenan kek ɗin da aka yi wa aisin ɗin bota a bazara in dai ba firji a kusa to kafin yara su taru fuskar Minion ta zazzago ƙasa. Majarin irin su Simas ya fi bota jurewa kaɗan, farin mai na gashi da masu kayan kek suke sayarwa ya fi su duka jure zafi, sai dai ɗanɗanonsa bai kai ba, shi ya sa ake yin rabi da rabi a ƙara filebo da ɗan gishiri. Awon da aka saba: kashi ɗaya na mai, kashi biyu na aisin suga, wato giram 250 na majarin da giram 500 na suga, a tankaɗe shi tukuna. A bazara ina ƙara cokali ɗaya ko biyu na konfulawa don ya tsaya.

Fondan, wato kwaɓin sugan nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, zafi bai cika damunsa ba, danshi ne maƙiyinsa. Da damina, musamman Agusta, za ki ga yana gumi yana ƙyalli yana manne wa hannu, kala tana zuba daga baƙi zuwa fari. A nan ne CMC, wato garin da yake sa fondan ya tsaya ya yi ƙarfi, yake taimako, ƙaramin cokali ɗaya a rabin kilon fondan. Da hunturu kuma akasin haka ne, iskar Disamba da Janairu busar da shi take yi nan take, kina murzawa yana tsagewa, sai kin shafa farin mai a hannu kin yi sauri, wanda ba ki amfani da shi kuma ki ƙulle a leda, kar ki bar shi a buɗe ko na minti biyar.

To a taƙaice, hunturu lokacin aisin ɗin bota ne, ki sake jiki ki yi abinki amma ki rufe saboda ƙura. Bazara fondan ko aisin ɗin farin ƙwai. Damina kuma ki yi ado mara yawa, ki haɗa shi kusa da lokacin biki.

Wani abu da ba a faɗa: yara da yawa ɓare fondan suke yi su yar, su cinye kek ɗin. Don kyan hoto ake yin sa ba don daɗi ba.

Ba ni da obin, zai yiwu?

Sosai ma. Babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsafta wanda kika wanke ya bushe kamar tsawon yatsa biyu a ƙasanta, ki ɗora ƙananan duwatsu uku ko gwangwanin madara da aka yanke, a kansu gwangwanin kek zai zauna kada ya taɓa yashin. Ki rufe ta yi zafi kamar minti goma sha biyar kafin ki saka. Wuta kaɗan-kaɗan, in a kurfoti ne ki rage garwashin ƙasa ki ɗora wasu a kan murfi don saman ya gasu. Kada ki buɗe kafin rabin awa ko zuciyarki na ta raya miki, zai faɗa ta tsakiya. In kin soka tsinke ya fito a bushe ya yi. Mai obin ɗin gas kuma digiri 170 zuwa 180 ya isa.

Ƙasan ya ɗan ƙone? Ki kankare da wuƙa, aisin zai rufe.

Wane irin kwaɓi ne yake ɗaukar ado ba ya wargajewa?

Kek mai laushi sosai irin na siyarwa a gwangwani bai dace da yanka siffa ba. Ki yi na awo daidai: fulawa giram 250, majarin 250, suga 250 ko ki rage zuwa 200 tunda aisin ma zaƙi ne, ƙwai biyar matsakaita, bekin fauda ƙaramin cokali biyu, filebo, ɗan madara. Wannan zai cika gwangwani mai inci 8. Ki buga majarin da suga da muciya har sai ya yi fari ya tashi, nan ne aikin yake, in hannu ya gaji a kira 'yan matan gida su karɓa.

Don Allah ki sayi ƙaramin sikeli, awon gwangwani yana yaudara, yau ki danna fulawa gobe ki zuba sakwa-sakwa. Kuma ki gasa yau ki yi ado gobe, kek mai ɗumi ba a yanka shi ba a shafa masa komai. Kafin ado na gaske ki yi masa shafin farko siriri wanda zai kama ɓurɓushi, ki bar shi ya sha iska ya kafe.

Ni fa ban iya zane ba ko kaɗan, yaya zan fitar da hoton?

Ba sai kin iya ba, kwafa za ki yi. Ki tura hoton katun ɗin wurin masu firintin a cikin gari su fitar miki a takarda daidai faɗin kek ɗinki, ki zaɓi hoto mai layuka manya mara tarkace. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko, ki ɗora takardar gashi a kan hoton ki bi layin da fensir, sannan ki ɗora ta a kan kek ɗin da ya riga ya kafe ki riƙa soka allura ko tsinken sakace a kan layin, in kin ɗaga za ki ga ɗigo-ɗigo, sai ki bi su da baƙin aisin ki cike ciki da kala. In kina da nozul (bakin da ake sa wa ledar matsa aisin) mai tauraro ki cike da ƙananan taurari a jere, wannan salon yana ɓoye rawar hannu ƙwarai. Ba ki da ledar matsawa, ki samu leda mai kauri sabuwa irin ta ƙulla zoɓo ki yanke kusurwa kaɗan.

Ta biyu ita na fi so don ba ta buƙatar wuta ko firiza. Farin ƙwai ɗaya, aisin suga giram 200 zuwa 250, ɗigon lemon tsami, ki buga ya yi kauri. Ki manna hoton a kan tire, ki shimfiɗa takardar gashi ko farar leda da aka ɗan shafa wa mai a kansa, ki zana layin waje da mai kaurin, ya ɗan sha iska, sai ki sassauta sauran da ɗigon ruwa ki cike ciki kala bayan kala. Ki rufe da rariya ko kwando ki ajiye, da hunturu kwana ɗaya ya bushe ƙaƙas, da damina sai ya kai biyu ko uku. Ranar biki ki ɓare a hankali ki ɗora a kan kek. Ki yi guda biyu ko uku don yana karyewa, kuma tunda ɗanyen ƙwai ne a ciki, ƙananan yara sosai kada a ba su wannan ɓangaren.

Takardar firinta kanta kada ta taɓa kek, tawadarta ba ta ci ba ce.

Wannan hoton da ake ci fa, a ina ake samu?

A birni ake bugawa, da firinta ta musamman da tawadar abinci a kan takardar suga ko ta sitaci. Masu kayan kek na kasuwar Sabon Gari a Kano za su nuna miki masu yi, ki tura hoto ta waya a ba direba a tashar Yankaba ya taho miki da shi. Ki ce a sa miki a leda mai zif tsakanin kwali biyu kada ya lanƙwashe. Danshi yana narkar da shi, rana tana koɗar da kalar, don haka kar ki buɗe sai za ki ɗora, kuma a kan farin aisin ake ɗora shi in ba haka ba kalar ƙasa ta ɓata hoton.

Mai arha kuma: a fitar da hoton a takarda mai kauri, a yanke, a manna a tsinken tsire a soka a sama. Yana kyau a hoto, sai dai a cire kafin a yanka.

Na sa shuɗi ya koma kore, me ya jawo?

Majarin ɗinki ne, shi rawaya ne, shuɗi kuma in ya haɗu da rawaya dole ya ba da kore. Duk mai son kek ɗin Elsa ko wandon Minion sai ta yi da farin mai, ko ta buga majarin ɗin sosai har ya yi haske sannan ta taɓa ɗan mitsitsin kala shunayya da bakin tsinke ta kashe rawayar.

Baƙi da ja su ne masu cin kala. Kada ki fara baƙi daga farin aisin, za ki juye rabin kwalba ki samu ruwan toka mai ɗaci, yara kuma su tashi da baƙin harshe iyaye su tsorata. Ki fara da garin koko ya yi duhu sannan ki ƙara baƙi kaɗan. Ja kuma ki haɗa tun jiya ki rufe ya kwana, da safe za ki ga ya nuna. Kala mai kauri ta fi ta ruwa, ta ruwa tana tsinka aisin.

Ba na son kalar kwalba saboda yara, akwai ta gida?

Akwai amma kada ki sa ran za ta yi kau irin ta katun. Ruwan zoɓo mai kauri da ɗigon lemon tsami yana ba da ruwan hoda, garin kurkur yana ba da rawaya sai dai ki sa kaɗan don ƙamshinsa yana fitowa, garin zogale kore mai duhu, koko ruwan ƙasa. Shuɗi ne dai babu shi a madafinmu.

In ta kwalba za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ki sayi garin kala da aka ƙulla a leda ba suna, wani na rini ne ba na ci ba. Ki kuma karanta jikin kaya: jelatin da ake haɗa fondan da shi akwai na saniya akwai na alade, ki nemi mai tambarin halal. Jar kala mai lamba E120 daga wani ƙwaro ake samo ta, wasu suna guje mata. Wasu filebo na banila kuma da giya ake jiƙa su, yana rubuce a jiki.

Maigidana ya ce ba ya son siffar mai rai a kan abinci, yaya zan yi kuma yaron ya ƙwallafa rai?

Wannan tana zuwa min da yawa kuma ba abin faɗa ba ne. Maganar surar mai rai, da ma maganar bikin bazday ɗin kansa, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani, ni mai kek ce ba mai fatawa ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Abin da zan iya ce miki ta ɓangaren aikina shi ne ana fitar da katun ba tare da an zana fuska ba. Jan kek da yanar gizo-gizo kawai, duk yaron unguwa zai ce Spider-Man ne. Shuɗi mai haske da fari da zanen ƙanƙara, Elsa ce. Ja da ɗigo-ɗigo fari da ribon, Minnie. Ko a koma mota, jirgi, ƙwallo, kalar kulob ɗin da yake so da sunansa a sama.

Wasu gidajen ma ba bazday suke yi ba, sai yaro ya kai izu ko ya yi sauka ko ya ci jarrabawa ake yi masa, kek ɗin dai ɗaya ne, rubutun sama ne yake canzawa.

Kek mai 'yartsana a tsakiya da siket, yaya ake yi?

A kwano mai zurfi na silba ake gasa siket ɗin, in bai kai tsawon ƙafar 'yartsanar ba ki ƙara zagaye ɗaya a ƙasa. Mai zurfi yana daɗewa bai gasu ta tsakiya ba, wuta ƙasa-ƙasa. Ki wanke 'yartsanar, ki naɗe ta da leda daga ƙugu zuwa ƙasa, ki huda tsakiya ki zura, gashin ki ɗaure sama har ki gama. 'Yan mata ƙanana suna mutuwar son wannan tunda bayan an cinye 'yartsanar tasu ce.

Inci nawa zan ce a yi min?

Hajiya a ƙauye ba a gayyatar yara, da sun ji labari duk layin zai cika gidan, har da almajiran makarantar maƙota. Inci 8 zai kai mutum 15 zuwa 20 in an yanka ƙanana, inci 10 ya kai wajen 30. Kada ki zuba duk kuɗinki a ƙaton kek mai hawa biyu. Ki yi madaidaici mai ado don hoto da 'yan gida, sannan a gasa ƙanana na gwangwani da yawa a ɗiga musu aisin kalar katun ɗin, a haɗa da cincin da zoɓo ko kunun aya, kowane yaro ya tafi da nasa a hannu ba rigima.

A ina kike sayen kaya?

Fulawa, suga da majarin na katan a kasuwar Singa ta Kano sun fi sauƙi in za ki saya da yawa ko ku haɗa kuɗi ku uku ku raba. Kala, CMC, gulukos, gilisarin, nozul, allon kek da kwali sai Sabon Gari. Dutse da Haɗeja ma akwai masu shaguna, ba dai kowane abu ba. Ƙwai a gida ko ranar kasuwar Gujungu, ki gwada a ruwa, wanda ya taso sama ki ajiye shi gefe.

Yaya za a kai shi wani gari bai lalace ba?

Nan ne ake asarar aikin kwana biyu cikin minti goma. Ki shafa ɗan aisin a kan allo kafin ki ɗora kek don ya manne, allon ya zama daidai faɗin kwalin kada ya riƙa zamewa. Mai hawa biyu sai an soka sanda siririya mai tsafta daga sama har ƙasa. A mota ƙasa ake ajiyewa inda yake a shimfiɗe, ba kan kujera ba don a karkace take, ba kuma but ba, can zafi ne da buhunan hatsi. In babur ne ya zama dole, to mutum ya riƙe a hannu a baya, kar a ɗaure da roba, a kuma roƙi ɗan acaɓan ya bi burji a hankali. Kunnuwa, hoton farin ƙwai da duk abin da yake tsaye a sa a wani kwano daban a haɗa in an isa. Da sassafe ko bayan la'asar ake tafiya da shi, ba tsakar rana ba.

Kwana nawa zai yi, kuma ya zan yi da kiyashi?

Wanda aka rufe da fondan zai yi kwana uku zuwa huɗu a ɗaki mai sanyi, na aisin ɗin bota a zafi kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Ki nemi ɗakin ƙasa ko kusa da randa, ba ƙarƙashin kwano mai zafi ba. Mai fondan kar ki sa shi a firjin da wuta take zuwa tana ɗaukewa, yana fitowa zai jiƙe sharkaf. Kiyashi kuma ki zuba ruwa a babban tire, ki kifa kwano a tsakiya ki ɗora kwalin a kai, ba za su tsallaka ba. Kada a fesa maganin ƙwari a ɗakin da kek yake.

Me ya sa na katun ya fi tsada, ai duk kek ne?

Maman yara ba fulawar kike biya ba, zaman da aka yi ne. Kala biyar ko shida kowacce da kwanonta, allo, kwali, gawayi, kuɗin motar Kano, ga yini guda a duƙe ana zane. Farashi ba na rubuta shi a nan don kayan yau ba na gobe ba ne. Masu koyo ku lissafa duk abin da kuka kashe har ledar matsawa sannan ku ɗora ladan hannu, kuma ku karɓi kafin alƙalami aƙalla rabi, don kek ɗin da aka rubuta sunan wani yaro a kai in an fasa ba mai saya. A sanar da mai yi da mako guda, ba a kira da daddare a ce gobe da safe ba.

In na turo hoto daga intanet za ki yi min irinsa sak?

Zan duba in gaya miki gaskiya tun kafin ki biya. Da yawan hotunan nan a ƙasashe masu sanyi aka yi su, wasu ma ciki ba kek ba ne soso ne aka lulluɓe don talla, yanzu kuma ga na AI da ba hannun da ya taɓa yin su. Zan ɗauki kalar da siffar in yi wanda zai iya zama a tsakar gidanki har la'asar.

Akwai abin da za a kula da shi lokacin yankawa?

A cire duk tsinke, sanda da ƙananan kayan wasa na roba a ƙirga su kafin a fara rabo. Ƙananan duwatsun suga masu ƙyalli suna da tauri, kar a ba yaron da bai kai shekara uku ba saboda shaƙewa, wanda bai cika shekara ba kuma ba a sa masa zuma a komai. Kyandir mai tartsatsi a nisanta shi da hijabi da gashin yara da hoton takarda, babba ya kunna babba ya kashe. In akwai yaron da gyaɗa ko ƙwai ko madara ba sa karɓarsa a faɗa wa mai kek tun ranar da aka ba da aiki, a ware masa cincin ko lemo nasa daban.